Taron da kowa ke cewa "haka ne": amsa ga wata shugabar makaranta

Wata malama ta rubuto cewa wata shida ke nan da aka naɗa ta shugabar wata makarantar firamare mai zaman kanta, da malamai 24 a ƙarƙashinta. Yara suna kaiwa aji uku ba su iya karatu ba, har iyaye sun fara kwashe 'ya'yansu. Duk ƙarshen wata takan kira taro ta nemi shawara, sai ɗaki ya yi tsit. Can sai wani dattijon malami ya ce wani abu, ko mai makarantar ya sa baki, kowa ya ce haka ne, a tashi. Da an fita kuwa sai ta hango su a gindin bishiya, magana ta ɓarke. Tambayarta ita ce: ta wace hanya ake gudanar da taro har mutane su fito da sababbin dabaru, kuma abin da aka yanke ya zauna a aikace?

Malama, Allah ya taya ki riƙo. Ki riƙe abin da kika hango a gindin bishiyar nan, domin ya nuna miki cewa malamanki suna da abin faɗa, ɗakin taron ne yake ɗaure musu baki. Na daɗe ina gudanar da tarukan bita ga ƙungiyoyin manoma da ma'aikatan asibiti da malaman makaranta, kuma da wuya na shiga wurin da mutane ba su san ciwon da ke damun aikinsu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da yake hana su magana galibi abu biyu ne. Na farko, wanda ya fara buɗe baki. Na biyu, zargin da suke yi a ransu cewa an riga an gama magana a ofis, taron na cika sharaɗi ne kawai. Duk dabarun da zan kawo miki an ƙirƙiro su ne don magance waɗannan biyun.

Zan fara da na biyun, don shi ya fi zurfi. Kin san labarin Hubabu ɗan Munzir a ranar Badar. Da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sauka da rundunarsa a wani wuri, Hubabu bai fara da kawo shawararsa ba. Sai da ya tambaya tukuna: wannan masaukin umarnin Allah ne da ba mu da ikon gusawa daga gare shi, ko kuwa ra'ayi ne da dabarar yaƙi? Da aka ce masa ra'ayi ne, sannan ya ba da shawarar a matsa zuwa rijiyar da ta fi kusa da abokan gaba, aka kuwa karɓa. Malamanki suna da irin wannan tambayar a ransu, sai dai ba za su furta ta ba. Ke za ki amsa musu tun kafin su tambaya. A farkon kowane taro ki faɗa musu a fili wace irin magana ce aka zo yi. Akwai wadda an riga an yanke, sanarwa ce kawai. Akwai wadda kike neman ra'ayinsu amma hukuncin yana hannunki ko hannun mai makaranta. Akwai kuma wadda abin da suka tsayar shi za a yi. Kowace iri halal ce a wurin aiki. Abin da yake kashe zuciya shi ne a kira mutane da sunan ta uku alhali ta farko ce. Sau biyu kacal za a yi wa ma'aikaci haka, ya daina wahalar da kansa.

Saboda haka, kafin ki sake kiran taro, ki sami mai makarantar ku zauna ku biyu. Ki tambaye shi: a batun karatun yaran nan, me za mu iya taɓawa? Jadawalin darussa? Rabon azuzuwa tsakanin malamai? Nawa za a iya kashewa a zangon nan? Ki fito da iyaka a hannunki, ko da ƙarama ce. Sannan ki roƙe shi alfarma ɗaya: ya buɗe taron da addu'a da 'yan kalmomi, ya faɗi wannan iyakar da bakinsa, ya tafi, ya dawo a ƙarshe ya ji abin da aka tsayar. Idan ya ce sai ya zauna, to ya zama shi ne na ƙarshen magana. Ke ma haka. Shugaba ba ya iya riƙe ragamar taro yana kuma kare ra'ayinsa a cikinsa, domin da ya ɗaga gira an san inda ya karkata. Ki zaɓi wani malami mai natsuwa wanda ba ya cikin kowane ɓangare, ki ba shi aikin kula da lokaci da ba da damar magana, ke ki koma gefe da biro kina rubutu. Ki kuma cire teburin nan da kike zama a bayansa, a jera bencina a zagaye.

Yanzu batun wanda ya fara magana. Mu an tashe mu a kan cewa ba a ja da babba a bainar jama'a, kuma ni ban ga abin rushewa a wannan tarbiyyar ba. Malama 'yar shekara 25 ba za ta ce wa wanda ya koyar da yayyenta "ban yarda ba" a gaban mutane ba, kuma duk mai gudanar da taron da ya matsa mata ta yi hakan bai san aikinsa ba. Abin yi shi ne a tsara zaman ta yadda tunaninta zai fito ba tare da ta tsallake kowa ba. Wani abin da zai ba ki mamaki shi ne, ko a inda ba a damu da wannan kunyar ba, zaman "kowa ya faɗi abin da ke ransa" ba ya haifar da abin da ake zato.

Wanda ya shahara da wannan salon wani ɗan kasuwar tallace-tallace ne a Amurka, Alex Osborn, wanda ya bayyana shi a wani littafi a 1953. Ka'idojinsa masu kyau ne: a tara dabaru da yawa, kada a kushe ta kowa a lokacin tarawa, a maraba da wadda ta zo baƙuwa, a ɗora a kan ta wani. Amma a 1958 masu bincike a Jami'ar Yale suka gwada. Suka haɗa ɗalibai huɗu-huɗu suna tunani tare da baki, wasu kuma kowa ya zauna shi kaɗai aka tattara abin da suka rubuta daga baya. Waɗanda suka zauna su kaɗai suka fito da dabaru kusan ninki biyu. A 1987 wasu Jamusawa biyu, Michael Diehl da Wolfgang Stroebe, suka bi diddigin dalilin, suka gano cewa babban mai laifin shi ne jiran layi. Mutum ɗaya ne ke iya magana a lokaci guda. Kana jiran wani ya gama, kana riƙe da taka a ka don kada ta ɓace, ba ka iya haifar da sabuwa, kafin layi ya zo kanka ma zancen ya koma wani wuri. Ki haɗa wannan da girmama na gaba, ki ga yadda malamai 24 za su koma bakin mutum biyu.

Maganin da na fi dogara da shi tsoho ne, kuma ba ya cin ko sisi. Wasu masana biyu a Amurka, Andre Delbecq da Andrew Van de Ven, su ne suka tsara shi, suka wallafa a 1971. Ga yadda zai kasance a ɗakinku. Za ki rubuta tambaya ɗaya tak a allo. Ki kula da yadda kika gina ta. Idan kika rubuta "Me ya sa yaranmu ba sa iya karatu?" kowa zai fara neman inda zai sauke laifi, malaman aji uku su kalli na aji ɗaya, na aji ɗaya su ce iyaye ne. Ki rubuta: "Me za mu iya yi a zangon nan, da abin da ke hannunmu, domin yaron aji biyu ya iya karanta jimla da kansa?" Sai a raba wa kowa takarda iri ɗaya, ba suna. Minti bakwai ba mai magana, kowa ya rubuta duk abin da ya zo masa. Shirun nan zai yi miki nauyi, za ki ji kamar ki ce wani abu. Kada ki ce. Za ki ga minti biyun farko ana kallon juna, wani yana juya biro, sannan kawuna su sunkuya ɗaya bayan ɗaya.

Asalin tsarin ya ce a zagaya kowa ya faɗi guda ɗaya da bakinsa. Ni a wurarenmu nakan canja wannan a zaman farko. Nakan sa a zuba takardun a kwali, a cuɗa, kowa ya ɗauki wata ya karanta abin da ke ciki, mai rubutu yana ɗorawa a allo da kalmomin mai takardar, ba gyara, ba sharhi. Ta haka dattijon malami zai iya karanta shawarar ƙaramar malama da muryarsa, ba wanda ya san tata ce. Bayan an gama sai a bi su ɗaya-ɗaya don fahimta kawai: me ake nufi da wannan, shin wannan da waccan abu ɗaya ne? Ba a yarda kowa ya ce wannan ba za ta yiwu ba tukuna. Daga nan kowa ya zaɓi biyar da ya fi so a asirce, ya ba ta farko maki 5, ta ƙarshe maki 1, a tattara a lissafa a gaban kowa. Cikin awa ɗaya da rabi za ki ga allo cike, da abu uku ko huɗu da suka yi fice, kuma ba wanda zai ce na wane ne aka ɗauka.

Idan lokaci ya ƙure, akwai gajeriyar hanya: minti ɗaya kowa ya yi tunani shi kaɗai, minti biyu ya tattauna da na kusa da shi, minti huɗu su haɗu huɗu-huɗu, sannan kowane rukuni ya faɗi abu ɗaya. Amfaninta shi ne mai jin nauyi ya riga ya gwada maganarsa a kunnen mutum ɗaya, kuma idan ta fito fili za ta fito da sunan "mu" ne. Idan kuma sababbin dabaru kike nema da yawa, akwai ta Bernd Rohrbach, wani Bajamushe na ƙarshen shekarun 1960: mutum shida, kowa ya rubuta dabaru uku cikin minti biyar, ya miƙa takardarsa ga na damansa, shi kuma ya karanta ya ɗora uku. Zagaye shida, rabin awa, dabaru 108 idan kowa ya cika gurbinsa. Da yawansu maimaici ne, amma a zagaye na huɗu da na biyar, lokacin da sanannun amsoshi suka ƙare, a nan ake samun abin da ba a taɓa ji ba.

Bari in ba ki labarin ranar da na ƙara yarda da wannan hanyar, a wurin da ko rubutun ma babu. Wata ƙungiyar manoman shinkafa ce ta gayyace ni, bashin taki da ake ba mambobi ya ƙi dawowa. Shugabansu, dattijo mai mutunci, ya buɗe taro da cewa taurin bashi ne da rashin tsoron Allah, a sa tara. Kowa ya gyaɗa kai. Na roƙi izninsa muka rabu ƙungiya-ƙungiya, matasa daban, mata daban a cikin gida da wata 'yar'uwa da na zo da ita. Dalilai shida suka fito. Muka samo ƙore shida, muka sa wa kowace alama: igiya a gaban ta taurin bashi, tsohon buhun taki a gaban ta makarar taki, tiya a gaban ta farashi, haka dai. Muka kafa zana muka jera su a bayanta, kowace da faifai a rufe. Kowa aka ba shi ƙwayar gyaɗa goma, ya shiga shi kaɗai ya raba yadda ya ga dama. Da aka buɗe faifan, ƙwaryar igiya 'yan ƙwayoyi ne a gindinta. Ta tiya kuwa har ta yi tozo. Ashe ranar biyan bashin tana faɗawa ne daidai kaka, lokacin da shinkafa ta fi araha, mutum ya ga idan ya sayar a ranar ya yi asara, sai ya ɓuya. Dattijon ya daɗe yana kallon ƙwaryar nan, sannan ya ce, "To, a ɗaga ranar." Ba wanda ya ja da shi, ba wanda ya kunyata shi, shi da kansa ya faɗa. Wannan salon na aiki da tsakuwa da wake da zane a ƙasa ya yaɗu ne ta hannun ma'aikatan raya karkara irin su Robert Chambers na Ingila, wanda ya riƙa nanata wa ƙwararru cewa su miƙa wa mutanen gari sandar nuni, su koma su saurara.

Sai dai kada ki ɗauka da an jefa ƙuri'a an gama. Tsakanin tara dabaru da tsayar da ɗaya akwai wani wuri mai wuya, inda murya take tashi, wani ya ce ba a fahimce shi ba, wata ta ce an koma baya. Yawancin shugabanni a nan suke tsorata su ce "to, a kafa kwamiti", ko su yanke da kansu don a huta. Ki daure. Wannan hayaniyar alama ce cewa mutane sun fara ɗaukar abin da gaske. Aikin mai gudanarwa a nan shi ne ya riƙa maimaita maganar kowa da kalmominsa har mai ita ya ce "haka nake nufi", ya kuma hana a haɗa yabo da suka a numfashi ɗaya. Edward de Bono, wani likita ɗan ƙasar Malta, ya fito da tsarin huluna shida masu launi daban-daban a 1985 don wannan. Ni ban taɓa ɗora wa dattawa hular kwali ba, kuma ba na ba ki shawarar ki yi. Abin da na ɗauka a ciki shi ne jerin: duk ɗakin ya duba abu ɗaya a lokaci ɗaya. Minti biyar, me muka sani tabbas? Minti biyar, mene ne alherin wannan shawarar, har wanda ba ya son ta sai ya kawo ɗaya. Minti biyar, ina za ta iya cutar da mu, har mai ita sai ya faɗi aibinta. Da haka mutum yake rabuwa da shawararsa, ta zama ta ɗaki.

Wani lokaci kuma za ki ga dabarun da suka fito duk na saman ruwa ne: a ƙara duka, a ƙara aikin gida, a kira iyaye. To a nan sai a tona. A kamfanin Toyota na Japan, Taiichi Ohno ya koya wa ma'aikata su tambayi "me ya sa" sau biyar a jere kafin su taɓa gyara. A misali, a ce yaran aji biyu ba su san haɗa baƙi da wasali ba. Me ya sa? Ba su samu darasin sosai a aji ɗaya ba. Me ya sa, alhali yana cikin jadawali kullum? Shi ne darasin farko da safe, rabin aji ba su iso ba. Me ya sa suke latti? Da yawansu sai sun taso daga makarantar allo, wasu sai sun raka ƙannensu. Me ya sa to aka sa shi a farko? Haka aka gaji jadawalin. Kin ga an tashi daga laifin yara an sauka a kan abin da za a iya gyarawa da alli cikin minti goma. Sharaɗin dai shi ne, duk lokacin da amsar ta zama sunan mutum, a dawo da ita kan tsari. Idan tonon ya zama na neman mai laifi, ba za ki sake jin gaskiya ba. Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard ta taɓa bincike a asibitoci a shekarun 1990, ta tarar cewa rukunonin ma'aikatan jinya da suka fi kyakkyawan shugabanci su ne suka fi kawo rahoton kurakurai, saboda ba sa tsoron faɗa. Ranar da wata malama ta ce miki "ni kaina ban iya koyar da sautin baƙaƙe ba", ki san kin fara cin nasara, kuma yadda kika karɓi maganar a ranar shi zai yanke ko wata za ta sake faɗar irinta.

Mu zo kan rabin tambayarki na biyu, yadda abin da aka yanke zai zauna. A lokacin yaƙin duniya na biyu nama ya yi ƙaranci a Amurka, hukuma tana so matan gida su riƙa dafa kayan ciki, irin su zuciya da ƙoda, abin da mu a nan muke rububi amma su suke ƙyama. Kurt Lewin, masanin halayyar jama'a da ya gudo daga Jamus, ya jagoranci wani gwaji. Wasu matan aka yi musu lacca mai kyau, da bayanin amfani ga lafiya da yadda ake girkawa. Wasu kuma aka zaunar da su suka tattauna a tsakaninsu abin da zai hana mace irinsu dafawa, wari ne, ko maigida ne zai ƙi, suka nemi mafita, a ƙarshe aka ce wadda za ta gwada a makon nan ta ɗaga hannu. Da aka bibiya, kashi 3 cikin ɗari na 'yan lacca ne suka dafa, na 'yan tattaunawa kuwa kashi 32. Bayanin iri ɗaya ne. Abin da ya bambanta su shi ne 'yan tattaunawar sun faɗi cikas ɗinsu da bakinsu, sun kuma ɗauki alkawari a gaban tsararrakinsu.

Daga Lewin ɗin dai muka samo wata dabara da nake so ki yi amfani da ita. Ki ja layi a tsakiyar allo. A dama a rubuta abubuwan da suke tura mu zuwa ga canjin, a hagu abubuwan da suke riƙe mu. Shugabanni sun fi son ƙara wa na dama ƙarfi: gargaɗi, takardar tuhuma, yanke albashi. Lewin ya lura cewa idan ka ƙara turi, na ɗaya ɓangaren ma ƙara tirjiya yake yi, sai zaman ya yi tsami. Sassauta na hagun ya fi arha kuma ya fi daɗewa. Idan malama ta ce ba ta iya sauraron karatun yara 50 ɗaya-ɗaya, ba wa'azi take buƙata ba. Wataƙila a ba ta manyan yaran aji shida na minti ashirin bayan tara, kowanne ya zauna da ƙanana uku.

Kafin ma ki nemi dabara daga waje, ki duba cikin gida. A 1990 Jerry Sternin da matarsa Monique suka je Biyetnam aikin yaƙi da tamowa, aka ba su wata shida su nuna sakamako. Maimakon su kawo abinci, sai suka sa mutanen ƙauyuka suka auna yara, suka nemo gidajen matalauta da 'ya'yansu suke da ƙoshin lafiya. Suka tarar iyayen nan suna tsinto ƙananan jatan lande da ƙaguwa a fadamun shinkafa, suna haɗawa da ganyen dankali, suna kuma ciyar da yaran kaɗan-kaɗan sau uku ko huɗu a yini maimakon sau biyu. Abin yana gaban kowa, kyauta. Kuma ba su tara mutane sun yi musu shela ba, sun sa iyaye mata suna haɗuwa suna girkawa tare. A makarantarki ma ina kyautata zaton akwai aji ɗaya da yaransa suka fi na sauran iya karatu, da littattafai iri ɗaya da albashi iri ɗaya. Ki sa malaman da kansu su gwada yaran, su gano ajin, su shiga bibbiyu su zauna a baya su ga me ake yi. Abin da abokiyar aiki take yi a ɗakin da ke kusa ya fi shiga rai a kan abin da aka zo da shi daga taron bita, don ba mai iya cewa "wannan ai ba irin yaranmu ba ne". Sai dai ki yi hattara kada ki mai da ita abin nuni har ta zama abar tsangwama. Ki bari su su gano ta.

Ranar da za ki tara iyayen yara, mutum ɗari ko fiye, wannan tsarin na takarda ba zai ɗauke su ba. A nan ake amfani da zaman rukuni-rukuni da Juanita Brown da David Isaacs suka faro a Kalifoniya a 1995: mutum huɗu ko biyar a wuri ɗaya, tambaya ɗaya, bayan kamar minti ashirin a sauya wuri, mutum ɗaya ya tsaya ya ba sababbin zuwa labarin abin da aka ce. A wurarenmu nakan ware ɓangaren mata da na maza, kowa ya zagaya a nasa, a ƙarshe a haɗa abin da ya fito. Amma wannan sai nan gaba. Ki fara da malamanki.

Idan kun tsayar da abin da za ku yi, ki ba da minti goma ga wata dabara ta Gary Klein, wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka. Ki ce musu: mu ƙaddara zango ya ƙare, shirin nan ya rushe gaba ɗaya, kowa ya rubuta abin da ya rusa shi. Mutumin da ba zai iya cewa "shirinki yana da rami" ba, zai iya rubuta "ya rushe ne saboda ba a sayo katin baƙaƙen ba sai mako na shida". Duk shakkun da da a gindin bishiya za a kai shi, sai ya faɗo a kwalinki tun yana da amfani.

Kada a tashi sai kowane abu da aka tsayar yana da sunan mutum ɗaya a gabansa da rana. "Za mu duba" da "kwamiti zai zauna" su ne suke mai da zama taron tsintsiya ba shara. Ku ɗauki abu biyu kawai, ku gwada a aji biyu na mako huɗu, ku faɗa tun yanzu abin da za ku auna: a ɗauko yara goma daga kowane aji a ba su jimla biyar su karanta, yau da kuma bayan mako huɗun. Kalmar gwaji tana da amfani ƙwarai, don wanda yake adawa ya fi sauƙin yarda da gwajin wata ɗaya a kan canji na dindindin. Shawarwarin da ba a ɗauka ba kuma kada su ɓace. Ki manna su a ofishin malamai, kowace da dalilin ajiye ta: wannan babu kuɗinta bana, wannan sai zango mai zuwa.

Saura dattijon malamin nan. Kada ya fara jin wannan sabon tsarin a cikin taro. Ki same shi tun ana saura kwana biyu, ki gaishe shi, ki ce, "Baba, ina so in gwada wata hanya don yaran nan su ma su saki jiki, kuma ina so kai ne za ka yi mana jawabin ƙarshe bayan an ji ta kowa." Kin ba shi matsayin da ya fi na farkon girma, kin kuma buɗe wa sauran hanya. Sau da yawa na ga irinsa ya zama shi ne mai tsawatar wa duk wanda ya katse ƙaramin malami. A zaman farko wataƙila takardu biyar ko shida su dawo babu komai a ciki, wasu kuma su rubuta abin da suke zaton kina so ki ji. Kada ki ce komai a kai. Taron wata mai zuwa ki buɗe shi da sunayen nan da ranakun nan da aka rubuta, ki fara da naki alkawarin, ki faɗi abin da kika yi da abin da kika kasa, sannan ki sa a kawo sakamakon yara goman nan a rubuta a allo.